Ku Gama Dariyar, Ni Ina Ƙirga

Tun da labari ya bazu cewa abin da na samu bayan gama jami'a shi ne ƙirgar tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru, ban ƙara zama a majalisa na tashi da mutuncina cikakke ba. Wani ya ce in na gama da na ruwa in biyo in ƙirga masa tantabarunsa, don yana zargin yaron maƙwabci. Wani ya tambaye ni, fuska a ɗaure, ko tsuntsayen ne ke haɗa mini albashi a ƙarshen wata. Gwaggona kuwa ba ta yi dariya ba, tagumi ta zuba ta ce, "Ɗan nan, duk kuɗin makarantar da ubanka ya kashe, a agwagwa suka ƙare?" Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: ba albashi nake ɗauka ba. Ɗan koyon aiki ne ni, kuɗin mota da na abinci ake ba ni, su ma sai ranar da akanta ya tuna da ni. To ga shi na miƙa muku bulala da hannuna. Sai dai ku zauna ku ji yadda aikin yake tukuna, dariyar da aka yi da sani ta fi daɗi.

Abin da yawancinku kuka gani shi ne hotunan watan Janairu. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar wannan wata, ƙasashe sama da ɗari ke shiga, ƙungiyar Wetlands International ke tattara alƙaluman. An zaɓi lokacin ne saboda tsuntsaye masu ƙaura sun riga sun sauka sun natsu, babu mai kan hanya, kada a ƙirga agwagwa ɗaya a Mali a sake ƙirga ta a Najeriya. A lokacin ne manya ke zuwa daga Legas da Abuja da Jos, da dogayen motoci da kyamarori masu dogon hanci, ga sanyin hunturu, ga shayi a filas. Kowa na son aikin Janairu. Ni ma ina so.

Yanzu kuwa Maris ya ƙare, Afrilu ya kunno kai. Manya sun koma gida, ruwa na ta janyewa yana barin taɓo mai tsagewa, zafi ya haura maki 40, kuma 'yan shekarun baya a daidai nan azumi ya riƙa tarar da mu. Wa aka bari a fage? Ɗan koyo, da mai kwale-kwale, da wani dattijon ma'aikaci da ya san sunan kowane kududdufi da wanda ya taɓa nutsewa a cikinsa.

Ana sallame Asuba muke fita, ba don tsabar ƙwazo ba. Da hantsi ya ɗaga, iskar da ke saman ruwa takan fara rawa, in ka leƙa ta madubin hange sai ka ga komai na narkewa, ba ka iya raba dinya da kututturen goruba. Abin da ba ka ƙirga kafin ƙarfe goma ba, ya wuce sai gobe. Mukan bi ta mashigar Marma, kachala ta yi mana katanga dama da hagu, ta fi mutum a tsaye tsawo. Akwai inda mai jirgi zai ajiye filafili ya ɗauki doguwar sanda ya riƙa tokarawa, akwai kuma inda sanda ba ta da amfani, sai a sauka a ja jirgin da hannu, taɓo har gwiwa. Ana ba mu dogon takalmin roba saboda matsattsaku da tsargiya. Nawa an yi masa faci wurin mai facin taya, yana hana ruwa fita fiye da yadda yake hana shi shiga.

Na ji ka, Alhaji na Kantin Kwari. Cewa ka yi ƙarya muke shirgawa, wa ya isa ya ƙirga tsuntsu dubu biyar, ko tsayawa suke a layi ana kiran suna? Ranka ya daɗe, ba ɗaya-ɗaya ake yi ba. Kakan ƙirga goma sosai, ka ga girman wurin da suka ci a cikin madubi, sai ka riƙa aza wannan awo a kan garken: goma, ashirin, talatin. In garken ya yi girma sai ka koma awon hamsin ko na ɗari, kana danna ɗan abin ƙirga da babban yatsa kada lissafi ya tsere. Mutum biyu ke yi, kowa da bakinsa a rufe, sai an gama a gwada. In na ce dubu huɗu dattijo ya ce dubu huɗu da ɗari uku, mun yi kusa. In na ce dubu biyu ya ce shida, ba ya ko kallona, sai dai ya ce, "Sake." Kuma kada ka ce mini wannan shaci-faɗi ne. Ɗan'uwanka na Dawanau yakan dubi tsibin gero a ƙasa ya ce buhu arba'in ne, a ɗura a samu talatin da tara, ba wanda ya ce masa maƙaryaci. Ido ne da aka horar. Bambancin kawai, shi geronsa ba ya tashi sama in shaho ya gifta. Mu kuwa kana tsakiyar dubu uku, shaho ɗaya zai keto ta kan tafkin, ko wani masunci ya buga gorarsa, garken duka ya tashi fir, ya juya, ya sauka a cakuɗe. A koma farko.

Wannan lokaci na shekara yana da nasa daɗin kallo, in mutum bai suma ba. Baƙin suna shirin tafiya, shirin kuma na ciki ne: ci suke ba ji ba gani. Akwai wata ƙaramar agwagwa da littafi ke kira gargani, mai zuwa daga Turai da Rasha. Da ta iso cikin kaka ba ta da wani fasali, amma yanzu namijin ya fito da farin zane daga saman ido har ƙeya, ya yi kwalliyar neman aure tun kafin ya kama hanya. Akwai raf, masu dogayen ƙafafu, da ke tsintar shinkafar da ta zube a gonakin da aka girbe. Akwai ɗan ƙaramin nan mai rawayan ciki da ke bin sawun shanu yana kaɗa wutsiya yana cafke ƙwarin da suka tayar. Wasu ƙananan kan kusa ninka nauyinsu da kitse kafin su tashi, domin a gabansu Sahara ce, bayanta teku, kuma babu mai sayar da abinci a hanya. Yau ka tarar da tafki cike, ka dawo bayan 'yan kwanaki ka samu 'yan gida kawai: kirinjijiya na ta fito, dinya, zalɓe a tsaye yana jiran rabo, balbela a bayan saniya. Nan gaba kaɗan shamuwa za ta iso daga kudu, manoma su fara duban gabas.

Shanun ma yanzu suka cika fadamar, suna bin ɗanyar ciyawar da ruwa ya bari. Wani Bafulatani da ya hango mu da takarda da madubi mun doshi inda yake, sai ya fara kaɗa garkensa yana nisa da mu. Mai jirginmu, da yake Babarbare ne, ya samu abin da yake so, ya ɗaga murya ya ce masa ya tsaya, jangali aka dawo da shi. Sai da muka rantse masa cewa masu fukafukai kaɗai muke rubutawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi mai jirgi a hankali ko lafiyata ƙalau. Kun ga ba ku kaɗai ba ne.

Yanzu ga abin da zai fi ba ku dariya. Akwai tafkunan da mun san sun ƙafe, mun san babu ko tsuntsu ɗaya, amma sai mun je. Mu hau babur cikin rana, mu isa, mu kafa madubi a gaban busasshen taɓo, mu duba gabas da yamma, in ciro fensir in rubuta sifiri. Maigidana a wurin aiki ba ya wasa da wannan sifirin. In ya ga gurbi a fom babu komai, sai ya tambaya: ba ku je ba ne, ko kun je ba ku ga komai ba? Domin a wurinsa, kuma yanzu a wurina, waɗannan abubuwa biyu ko kusa ba su haɗa hanya ba. Gurbin da aka bari fayau yana nufin ba a sani ba. Sifiri yana nufin wani ya tsaya a wurin ranar kaza, da idonsa, ya shaida babu. Wanda zai buɗe takardun nan bayan shekara ashirin yana son sanin yaushe tafkin kaza ya fara ƙafewa tun Fabrairu alhali da yana kaiwa Afrilu, da sifirin nan zai gane. In ranar cika kawai ake zuwa, takarda za ta nuna komai lafiya har ranar da fadamar za ta mutu.

Kuma fadamar nan, Alhaji, kai ma kana da hannu a cikin lamarinta, ko ka taɓa taka ta ko ba ka taɓa ba. Ruwanta daga kogin Haɗeja da kogin Jama'are yake zuwa, su haɗu su zama kogin Yobe, ya gangara Tafkin Chadi. Shi kuwa kogin Haɗeja, daga kogin Kano da na Chalawa yake samun ransa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992. Kafin nan ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale fadamar, ya janye da rani: a noma shinkafa a cikin ambaliya, a shuka wake da sauransu a danshin da ya bari, kifi ya hayayyafa, shanu su samu ciyawa, rijiyoyi su cika. Da aka tare shi a sama, ambaliyar damina ta ragu, sannan aka riƙa sako ruwa da rani saboda noman rani da famfunan birni. Hanyoyin ruwan da suka saba bushewa duk shekara suka daina bushewa, kachala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyi, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya karkata ya cika wani sashe har ya ci gonaki, wani sashen kuma ya zauna da ƙishi. A cikin kachalar ne jan baki ke kwana, gari ya waye ya faɗa wa gero da shinkafar mutane. Ku kun ci tumatirin Kadawa kun yi santi, mutanen Nguru sun samu kachala. Sannan ku ne masu bakin tambayar me muke ƙirgawa.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka lissafa abin da fadamar ke bayarwa ta noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. In da yawan ruwan da aka sha za a auna, fadamar ta fi, nesa ba kusa ba. Ba na ce a rushe Tiga ba, kada gobe a ce ɗan koyo ya zagi Audu Baƙo da ya gina ta a kabarinsa. Cewa na yi rabon ruwa shari'a ce, kuma mai zuwa shari'a ba shaida ya san yadda ake tashi. Masuncin Dagona ba shi da lauya. Manomin Baturiya ba ya zuwa taro a otal. Har yau maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are takan lafa ta sake tasowa, kuma Jama'are ne kogin da ya rage yana kawo ambaliyarsa yadda Allah ya halicce ta. Duk ranar da aka zauna a kan wannan magana, ɗaya daga cikin 'yan takardun da za a iya ajiyewa a tebur a madadin mutanen ƙasa-ƙasa ita ce irin wadda nake cikawa da fensir, don inda tsuntsun ruwa ya ragu, ruwan ne ya riga shi tafiya.

Malam mai koyar da tarihi, na ga ka ɗaga yatsa. Ka ce ai tsuntsayen Turawa ne, su suka damu da su, mu 'yan gadi aka mayar. Akwai ƙamshin gaskiya: aikin kula da fadamar da aka kafa a 1987 da kuɗin waje da hannun ƙungiyoyin waje ya tashi, tare da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya, kuma har yau tsofaffin Dagona na ba da labarin zuwan Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, a 1989. Amma Malam, tsuntsun da ke shafe kusan rabin shekararsa a nan, ya ci shinkafarmu, ya yi ƙiba da ƙwarinmu, da wace hujja ya zama na wani shi kaɗai? Kuma ƙidayar ce ta sa aka san da wurin. Ƙa'idar yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, ta ce dausayin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi, ya cancanci shiga jerin masu muhimmanci a duniya. Tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga a 2000, su ne na farko a Najeriya, Dagona da Baturiya suka biyo a 2008. Ba da rantsuwa aka shigar da su ba, da alƙaluma ne. Inda zan ba ka gaskiya ɗungurungum shi ne nan: shiga jerin bai sare ko kara ɗaya na kachala ba. Mutanen ƙauyuka ne ke shiga ruwa da lauje da adda suna buɗe hanya da aikin gayya. Allon sanarwa kuwa rana ta cinye rubutunsa.

Hajiya mai gidan kaji, ke da kika ce ba ruwanki da tsuntsun daji, ki tuna Fabrairun 2006, lokacin da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara bayyana a Afirka a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, aka yi ta binne kaji. Safarar kaji da ƙwai ta yaɗa cutar, amma tun daga lokacin ake sa ido a kan na daji ma. Cikin aikina akwai cewa in na ga tsuntsaye sun mutu da yawa wuri guda, kada in taɓa, in ɗauki hoto, in rubuta wurin, in buga waya. Ki riƙa sa ni a addu'a, ba don Allah kaɗai ba, har don kajinki.

Sai ofis. Wanda ya ɗauka wahalar a daji ta ƙare bai taɓa zama gaban tarin fom na wata huɗu ba. Ƙarshen kakar ƙirga ne lokacin da ake zuba su a kwamfuta, kuma aikin wa ne in ba na ɗan koyo ba? Da fensir ake cika su, don biro in ya ji ruwa sai ya yi kuka. Ga tabon taɓo, ga man kifi, ga wata da aka naɗe ƙosai da gefenta. Ga rubutun da ba ka sanin 1 ne ko 7, alhali tsakanin 100 da 700 akwai agwagi ɗari shida da ke jiran hukuncinka. Ba a yarda ka ƙaddara ba, sai ka nemo wanda ya rubuta, shi kuma ya kalli rubutun nasa ya ce wa ya yi wannan. Na tarar da fom ɗin wani da ya riga ni, ya juya lambobin na'urar GPS, ta arewa ya sa a gurbin ta gabas. Da na aza a taswira sai ga agwagi sun bar Nguru sun sauka can wajen duwatsun Hong a arewacin Adamawa. Shekara da shekaru suna can, ba wanda ya je ɗauko su sai ni.

Duk wannan in akwai wuta ke nan. In babu, a jira a sayo man janareta, in an sayo a jira wanda ya iya ja.

Amma abin da ya fi ƙirgar raf wuya shi ne rasiɗi. An ba ka kuɗin fita, dole ka dawo da shaidar kowace naira. Gidan mai na ba da rasiɗi. Mai kwale-kwale fa? Mai babur ɗin da ya kai ku tafkin da ya ƙafe? Matar da ta sayar muku da fura? Sai ka zauna ka rubuta takarda da hannunka, ka koma ƙauyen da tawada, ka nemo mai jirgi ya dangwala yatsa. Shi kuma ya ce ba ya dangwale sai an gaya masa jam'iyyar da yake zaɓa. Ka dawo, akanta ya juya takardar gaba da baya ya ce kwanan wata bai fito ba. Bayan wannan akwai goge ƙurar hunturu daga madubai da ɗan burushi mai laushi, ba da gefen riga ba, in kana son zaman lafiya da maigida. Akwai ƙirga kayan aiki a mayar sito, da fotokwafi, da rahoton da masu ba da kuɗi ke jira, wanda ni nawa a ciki jera alƙaluma ne, sunana kuwa in ya fito to a shafin godiya. Akwai kuma zagayen sallama, wanda a ganina ya fi rahoton amfani: a je gaban Bulama da Sarkin Ruwa da goro, a ce mun gode, mun gama na bana, ga abin da muka gani. A nan ne za ka ji wani tsoho ya ce gauraka da ke cika wurin nan yana yaro yanzu sai a shekara ba a ji kukanta ba. Wannan ma ina rubutawa, ko da yake babu gurbinsa a fom.

Wanda duk ya ji yana so ya gwada idonsa, ba sai ya shiga taɓo ba. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015: an yanka ƙasar gida-gida, kowane kimanin kilomita tara, mutum ya rubuta abin da ya gani a unguwarsu ta wayar hannu. Mai tantabaru, kai ma kana iya shiga, amma na cikin akurkinka ba sa lissafi.

Saura kai, Baba maharbi, da ka yi shiru tun ɗazu kana murmushi. Na san abin da ke aljihunka. Wani lokaci in aka harbo agwagwa akan tarar da ɗan zoben ƙarfe a ƙafarta, da lamba da sunan wani gari, Mosko ko Helsinki ko Landan. Wasu sun ɗauka na aljanu ne, wasu sun ba mai ɗaki ta adana a kwalla, wasu sun rataya wa yaro. Wani ne ya sa mata shi a can, ya rubuta rana da wuri da nauyinta, ya sake ta, yana fatan wata rana a ce masa ga inda ta kai. Zoben naka ne, ba mai karɓe maka. Lambar kawai muke so, da sunan tafkin, da watan da abin ya faru in kana tunawa. Ka ba yaro ya kwafo a takarda ya kawo ofis, ko ka tare ni ranar kasuwar Nguru. Na yi maka alkawari ba zan tambayi yadda agwagwar ta rasu ba, balle wanda ya ci cinyar.